Saura Mil Sittin

Ƙanena Torquil ya sauko daga jirgin ruwa ranar Juma'a da wata baƙar jif da ta kusa kai ɗakin girkinmu faɗi. Ina tsaye a bakin ƙofa da tsumman kwano a hannu na hango ta tana hawo layinmu, tana taka ciyawar dama da hagu don hanyar ta yi mata kaɗan. Tumakin maƙwabta, waɗanda ko motar 'yan makaranta sai ta yi musu magiya kafin su matsa, suka miƙe da kansu suka ba ta wuri.

"Yaya Dolina, ba ki ce komai ba," in ji shi, yana shafa murfin injin.

"Jira nake sauran mutanen da ke ciki su fito tukuna."

"Ni kaɗai ne."

"Kujera bakwai, kai kaɗai. To sannu da zuwa. Goge ƙafarka kafin ka shigo."

Torquil yana aiki a wani kamfanin mai a birnin Aberdeen, ba a kan teku ba, a ofis mai kafet. Na girme shi, rabin rainonsa ni na yi, don haka ko da jirgin sama ya zo ba zai ba ni tsoro ba. Ya bar tsibirin nan tun gemu bai fito masa ba, ni kuwa na zauna, ina dafa abinci a makarantar ƙauyenmu ina kula da tsofaffinmu biyu. Ba zan ce ban taɓa jin haushin wannan rabon ba. Na ji, ranar da na ga motar nan kuma na ƙara ji.

Abin da ya kawo shi Mama ce, mahaifiyarmu Effie. Hunturu biyu ke nan da ruɗewar tsufa ta kama ta, sannan ciwon ƙirji ya zo ya ƙara, aka kwantar da ita a asibitin gari, can ɗaya ƙarshen tsibirin, mil arba'in da biyu daga ƙofarmu. Ta daɗe da daina gane mu. Ni takan kira ni nas, ta roƙe ni in buɗe mata taga. Baba kuwa, mijin da ta zauna da shi shekara hamsin da ɗoriya, takan dube shi cikin ladabi ta tambaye ni ƙasa-ƙasa, "Wane ne bawan Allahn nan mai hula?" Shi dai ya zauna a gefen gado da hular a gwiwa har a ce lokaci ya yi. Bai taɓa ƙorafi ba. Sau ɗaya kawai, muna dawowa a 'yar motata, ya ce da ni yana kallon waje, "Ba sai ta san ni ba, Dolina. Ni dai kar ta tafi ba na wurin." Na riƙe maganar nan.

'Yar motar tawa kuma wannan makon ta zaɓa ta lalace. Tana garejin gari tana jiran wani ƙarfe da sai an kawo daga tsallaken teku, na ce ba komai tunda ga Torquil na tafe da mota.

Abin da ban zata ba shi ne Baba ya kamu da son jif ɗin nan. Finlay ɗan Angus fa nake faɗa muku, dattijon coci, mai ja wa jama'a baitin Zabura shekara da shekaru, mutumin da ko labule mai fure yake gani alfahari ne. Da ƙyar Torquil ya tura shi sama ya zaunar da shi a gaba, ya danna wani maɓalli. Aka ɗan jima sai na ga fuskar tsoho ta canza.

"Torquil, kujerar nan zazzaɓi take yi?"

"Ɗumama ta na yi, Baba. Don ƙugunka."

Baba ya gyara zama ya lumshe ido. Ƙugun nan ya daɗe yana hana shi barci. "To," ya ce, "ba laifi ba ne mutum ya ji ɗumi." Daga nan ba a sake jin kalmar alfahari a gidanmu ba.

Muna cin kifin gishiri da dankali da yamma ya jefo tambayar da kowane namiji a tsibirin nan ke fara yi wa mota.

"Yaya shan manta?"

"Mil arba'in a galan ɗaya. Haka masu ita suka ce."

"Masu ita," na ce. "Ita kuma motar me ta ce?"

Ya sosa ƙeya. "Ya danganta."

"Da me?"

"Da hanya, da iska, da ƙafar direba. Ai ba a kan titi suke gwadawa ba, Yaya. Cikin ɗaki ake ɗora ta a kan wasu ƙarafa masu juyawa. Ba tudu, ba ruwa, ba iska, ba kaya."

"Wato a wata ƙasa da ba tamu ba."

"Ni dai ban taɓa ganin ta wuce ashirin da biyar ba," ya ce daga ƙarshe, yana zare ƙaya daga kifi. "Kowa ma ya san haka. Wanda ya sayar ya sani, ni da na saya na sani."

"To me ya kai ka?"

Ya ajiye cokali. "In ina ciki ba na jin komai, Yaya. Ko ruwan sama, ko rami, ko mutane." Matarsa ta bar shi bara, kuma a gidanmu ba a tayar da irin wannan zance a kan tebur, sai na ƙara masa dankali.

Amma maganar galan ɗin ta tsaya mini a rai. Mu mutanen ƙasar nan muna sayen mai da lita, mu auna hanya da mil, sannan mu yi fahariya da galan, ta yadda ba mai iya kama wani da ƙarya sai ya zauna da alƙalami. An faɗa wa mutum magana, ya san ba haka ba ne, mai faɗar ya san ya sani, kuma su gaisa su rabu lafiya. In aka tambaye shi a teburin uwarsa, lambar da ya san ba gaskiya ba ce zai fara faɗa. Baba ko a jikinsa. Shi abin da ya burge shi wata 'yar lamba ce mai haske a gaban direba, wadda ke faɗin mil nawa ya rage kafin mai ya ƙare. A tsohuwar motarsa allura ce kawai mai rawa, sai dai mutum ya yi ta zato. Wannan kuwa ƙarara take magana, Baba kuma mutum ne mai girmama duk abin da ya gani a rubuce.

Ranar Asabar da safe na buga asibiti. Nas ta ce Mama ta kwana tana tari, yanzu ta samu barci, gara a bar ta ta huta. Torquil ya riga ya gan ta da ya sauka daga jirgi. Washegari kuma Lahadi ce, ranar da ba a tafiya sai coci, ba a shanya, ba a saye ba a sayarwa. Muka tsayar da Litinin. Baba ya kasa zama, ya shiga nan ya fita can, can sai ga shi da hula yana cewa Torquil ya kai shi ya duba shingen tumaki a bayan dutse. Rabonmu da tumaki tun bara waccan.

"Ku biya shago ku sha mai," na ce. "In aka rufe famfon yau da yamma sai Litinin."

"Mun ji, Yaya."

Ba su ji ba. A nan wurinmu in mota biyu suka haɗu a hanya ba a ɗaga hannu a wuce. Tsayawa ake yi taga da taga, a sauke gilashi, a tambayi lafiyar kowa har kare, inji na ruri, wanda ya zo daga baya ya jira ko ya fito ya shiga hirar. Ranar nan duk mai mota a yankinmu sai da ya haɗu da Baba. Daga baya na ji cewa har sauko da tsofaffi ya riƙa yi daga motocinsu, ɗaya bayan ɗaya, su hau su ɗanɗana kujerar mai zazzaɓi. Sun je bakin teku, sun hau dutse har inda hanya ta ƙare, sun kai wata tsohuwa gida da buhun abincin kajinta. Da suka iso shago an daɗe da sa kwaɗo.

Na buɗe baki zan fara, Baba ya ɗaga hannu. "Saura mil sittin, da idona na gani. Gari arba'in da biyu ne. Litinin kuma shago zai buɗe kafin mu tashi. Ina abin faɗa a nan?"

Iska ta sa kumatunsa sun yi ja, kuma rabon da in gan shi yana murmushi haka tun kafin Mama ta kwanta. Na haɗiye faɗana na je na dafa miyar gobe.

Da can ba a ɗaga waya a gidanmu ranar Lahadi, amma tun da aka kwantar da Mama na soke wannan doka ban nemi izinin kowa ba. Muna shirin coci, Baba ya riga ya sa baƙar kwat ɗinsa, sai ta yi ƙara. Nas ce. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce numfashin ya canza, in muna so mu same ta mu taso yanzu.

Na ce mu ari motar Chrissie Bell, maƙwabciyarmu. Na leƙa na tarar ta riga ta tafi coci, ta kwashe tsofaffin layin duka. Cocin kuma can wani ɓangare yake, ba a kan hanyar gari ba. Torquil ya tayar da jif, lambar ta haska, sittin ɗin na nan daram.

"Ta isa," Baba ya ce. "Mu je."

Iska ta juya tun kafin gari ya waye, yanzu a goshi take dukanmu, ga ruwa na zuwa a kwance. Hanyarmu ta mota ɗaya ce, hawa da sauka da kwana, da tumaki kwance a kan kwalta. Torquil ya taka. Ban taɓa sanin abu mai nauyi haka zai iya gudu haka ba, har a raina na yafe masa kujeru bakwai ɗin. Ina zaune a baya a tsakiya, ina kallon lambar ta tsakanin kafaɗunsu. Ba mu kai gadar farko ba ta koma hamsin da ɗaya. Gadar nan tun ina yarinya nake zuwa da ƙafa in dawo kafin a gama shayi.

"Torquil."

"Na gani."

"Me ka gani? Ina mil taran nan suka shiga?"

"Lissafi take sakewa. Da tafiyar da na saba yi a titunan Aberdeen ta auna. Hanyar da ta wuce ta sani, Yaya, ba ta san wadda ke gaba ba."

"To wa ya aike ta ta yi alkawari?"

Ya mayar da ido kan hanya. Muka kama dogon tudun nan na bayan tafki, injin na gurnani, lambar na zubewa bibbiyu. A saman tudun Torquil ya ɗaga ƙafa, motar ta lafa.

"Me ya faru?" in ji Baba.

"In na ci gaba da gudu haka ba za ta kai ba, Baba. In na bi a hankali, wataƙila."

"In ka bi a hankali Effie za ta jira?"

Na ga wuyan ƙanena ya yi ja. Ya taka, ya ɗaga, ya sake takawa, kamar mai ɗinki da keke. In ya yi gudu mai ne ke tafiya, in ya lallaɓa lokaci ne ke tafiya, mu kuma ba mu san wanne ya fi ƙaranci a hannunmu ba. Tausayinsa ya kama ni, abin da ban shirya ba. Ya kashe abin ɗumama mota, gilashi ya fara yin hazo, na miƙa hannu ina goge masa da ɗankwalina. Sai na ga Baba yana lalube a gefensa da yatsa, yana neman maɓallin nan.

"Wannan ma tana shan mai?"

"Kaɗan ne, Baba, bar shi."

Ya kashe kujerar, ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

Akwai wasu 'yan gidaje a bakin jejin ciyawa, daga su ba sauran gida sai gari, waya ma ba ta kamawa. Da muka iso nan saura mil goma sha huɗu, lambar tana cewa tara. Muna kallo ta ɓace, wasu 'yan layuka biyu suka maye gurbinta. Torquil ya gangara gefe ya tsaya.

"Ci gaba," Baba ya ce.

"In ta shaƙi iska a tsakiyar jejin nan, Baba, ko an zuba mata mai ba za ta tashi ba sai da makanike. Yau kuma ka san ba mota a hanya. Gara mu nema a nan."

Gidajen duk a rufe, ba mota ko ɗaya a ƙofa, kowa na coci. Gida ɗaya ne kawai hayaƙi ke tashi daga bututunsa, ga tsohuwar tarakta a rumfa da tankin mai a gefenta. Mu duka mun san gidan wane ne.

Lachlan Morrison da Baba jirgin kamun kifi ɗaya suka yi tun suna samari, Lachlan ne ma abokin ango ranar auren iyayenmu. Sai cocinmu ya rabu biyu, kamar yadda cocinan tsibirin nan suka iya, a kan wata magana da ko a lokacin ban gane kanta sosai ba. Lachlan ya fita da 'yan mutanensa, Baba ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi abin da ya faɗa. Tun daga nan in suka haɗu a hanya gilashi a rufe suke wucewa, yara sun girma sun yi aure ana haka. Mutanen Lachlan yawanci sun mutu, sauran tsofaffi kaɗan da ke takowa da sanda su yi ibada a falonsa.

"Ni zan je," na ce.

"A'a." Baba ya buɗe ƙofa ya zuro ƙafa. "Matata ce."

Na riƙe shi muka haura, iska na neman kwashe mu. Muna isa bakin ƙofa na ɗaga hannu zan buga, sai muka ji sun ɗauki Zabura. Muryar Lachlan ce ke jan baiti, ta tsufa ta dushe, tsofaffin na bin sa a baya kowa da nasa jan, a hankali, a hankali, yadda muke yi tun kakanni. Baba ya cafke wuyan hannuna. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba.

"Baba, Mama fa!"

"Ba a katse Zabura."

"Haba Baba! Ko Ubangijin da suke yi wa waƙar ba zai kama ka da laifi ba."

"Dolina." Bai ɗaga murya ba. Ya cire hula da ɗaya hannun, ya tsaya ruwa na sauka a kan furfurarsa.

Duk wanda ya san waƙar cocinmu ya san kafin a gama baiti ɗaya ƙwai ya dahu. A cikinta na girma, ina sonta, ita nake so a yi a kaina ranar da za a binne ni. Amma a bakin ƙofar nan na tsane ta, na tsani Lachlan da muryarsa, na ji haushin ubana. Na dube shi zan sake magana sai na ga leɓɓansa na motsi, suna riga Lachlan da kalma ɗaya, idonsa kuwa ba a kan ƙofar yake ba, yana kan hanyar gari. Nan na gane ba taurin kai ba ne kaɗai. Tsoho ne da komai ke zamewa daga hannunsa a safiya ɗaya, ya riƙe abu guda da ya san yadda ake yinsa. Wannan bai rage mini haushi ba, amma na tsaya na jira tare da shi.

Da suka kai ƙarshe shi ya buga da kansa. Lachlan ya buɗe, littafi a hannu, tabarau a karan hanci. Ya dubi Baba, ya dubi baƙar jif a bakin hanya, ya sake duban Baba.

"Effie ce?"

"Effie ce."

Bai ƙara tambaya ba. Ya miƙa wa matarsa Murdina littafin, ya zura takalmin roba a kan wandon ibadarsa ya nufi rumfa. Man tarakta ja ne, launi ake sa masa don na gona ne, kuma laifi ne a same shi a tankin motar hanya. Da Torquil ya ga launin abin da ke zuba cikin jarka sai ya buɗe baki, na harare shi, ya rufe. Can kuma ya sa hannu a aljihu.

"Kai yaro, yau?" in ji Lachlan. "Ba na sayar da komai yau. Jarkar nan ce ta tare mini hanya, ina neman wanda zai raba ni da ita."

Sai motar ta ƙi sha. Bakin tankinta na da wani ɗan murfi daga ciki wanda ba ya buɗewa sai ga bakin famfon gidan mai. Torquil ya ce akwai mazurarinta na musamman a wani wuri, ya hau birkita bayan motar, yana ɗaga kafet yana jifa da kaya.

"Tabɗi," in ji Lachlan. "Wannan ita sai da cokalinta take ci?"

Murdina ta fito da gorar lemo da ta yanke wa gindi, da allurar saƙarta. Baba ya karɓi allurar ya tura murfin ya danne, ya riƙe gorar da ɗaya hannun, Lachlan ya ɗaga jarka. Hannu huɗu duk na tsofaffi, ga iska. Wani ya shiga tanki, wani ya bi yatsun Baba ya gangara cikin hannun kwat ɗinsa, har farar rigar ciki ta yi ja. Kawunansu na kusan haɗuwa amma ba mai kallon wani.

"Ka ja baitin ƙarshen nan da yawa," Baba ya ce, idonsa a kan gorar. "Kullum sai ka ja shi."

"Ashe kana tsaye a waje kana ji? Da ka shigo ka gyara mana."

"Ina da uzuri."

"Na sani, Finlay. Riƙe da kyau, kana zubarwa." Da jarkar ta ƙare ya ajiye ta ya ce, "In mun koma ciki za mu ambace ta."

Baba ya gyaɗa kai. Murdina ta miƙa masa tsumma, ya karɓa ya riƙe bai goge ba, ya manta ma abin da aka ba shi don ya yi.

Torquil ya tayar da mota. Lambar ta dawo tana haske, ta ce saura mil saba'in, ko kunya babu.

"Kar ka saurare ta," in ji Baba. "Taka."

Ya taka. Muka ratsa jejin motar na warin dizal kamar cikin jirgi. Mun kusa gari Torquil ya ce, "Laifina ne, Baba." Baba ya ce, "Ni na ce a duba shinge."

A ƙofar ɗakin nas ta tare mu. Ta ga hannun rigar Baba ta zaci jini ne, na ce mai ne, ta matsa. "Tana nan," ta ce. Muka shiga.

Mama ta ƙanƙance a gadon, bakinta a buɗe, numfashi ya zo ya tsaya ya sake zuwa. An ce tun jiya ba ta buɗe ido ba. Na nuna wa Baba wurin wanke hannu a kusurwa, bai ko gani ba. Ya zauna ya ɗauki hannunta ya sa cikin nasa. Ni da Torquil muka tsaya a ƙafar gadon. Ya iso, abin da ya roƙa ke nan, ban sa ran wani abu bayan wannan ba.

Sai hancinta ya motsa. Ta yamutsa fuska, irin yamutsawar da muka sani tun muna yara, duk ranar da Baba ya dawo daga teku ya nufi tebur bai biya ta wurin sabulu ba. Idanunta suka buɗe a hankali, suka yi yawo, suka tsaya a kansa.

"Finlay."

Torquil ya damƙe kafaɗata.

"Na'am, Effie."

"Warin inji kake yi." Da ƙyar muryar ke fita. "Mai ka taɓa?"

"Na taɓa."

Ta daɗe tana kallonsa, ta dubi baƙar kwat ɗin, na ga damuwa na taruwa a goshinta. Mama ta fi Baba tsanani a kan ranar Ubangiji, ita ce ke ɓoye mana ƙwallo tun yammacin Asabar.

"Yau wace rana ce?"

A duk rayuwata ban taɓa jin ubana ya faɗi abin da ba haka ba, ko da wasa, ko don a zauna lafiya.

"Litinin ce, Effie."

"To," ta ce, goshin ya saki. "Da sauƙi."

Ta jawo hannun nasa, da jan man da komai, ta ɗora a ƙirjinta a kan farin zanen asibiti, ta rufe ido. Ba ta ƙara magana ba. Ba ta sake shi ba kuma, shi ma bai motsa ba, har zuwa yamma da nas ta shigo ta taɓa wuyanta ta dube mu.